Gargaɗi kan masu tallar "tataccen zaƙami" a WhatsApp

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah duk wanda ya ci karo da tallar wani ruwan magani a gorar roba da ke yawo a WhatsApp da Facebook, wai tataccen zaƙami na asma da rashin barci, kada ya tura ko sisi. Sai ka biya tukuna suke bai wa direba a tasha ya kawo maka. Gorar babu lambar NAFDAC, babu ranar haɗawa balle ta ƙarewa. In ka yi tambaya su ce ai sun cire dafin wajen dahuwa, kuma ko shekara 5 ya yi ba ya lalacewa. Duka biyun ƙarya ne.

Zaƙami, wanda wasu ke ce wa haukata-yaro, yana ɗauke da sinadaran da masana ke kira alkaloyid, manyansu hayosiyamin da sikofolamin. Su ne maganin, su ne kuma dafin, ba a cire ɗaya a bar ɗaya. Abin da tafasawa ke yi, musamman in an jefa kanwa, shi ne juya hayosiyamin ya koma atirofin, mai kusan rabin ƙarfin na farko, amma shi ma yana kisa. Bayan an ɗura a gora ma sauyin bai tsaya ba, domin muddin sinadarin na cikin ruwa yana ta rabewa a hankali, zafi da kanwa na ƙara masa sauri. Gorar da ta yi wata 3 a shago cikin zafin bazara ba ɗaya take da wadda aka haɗa jiya ba. Shi ya sa a asibiti allurar atirofin da miligiram ake auna ta, sau da yawa ƙasa da ɗaya, cikin rufaffiyar kwalba mai ranar ƙarewa. Su kuwa waɗannan da cokalin shayi suke awo.

Nan ne abin ke tayar min da hankali. Mutum ya samu tsohuwar gora, ya sha cokali ɗaya bai ji komai ba, ya kira su, su ce ya ƙara zuwa uku. Ta ƙare, su aiko sabuwa da ƙarfinta, shi kuma ya ɗora da cokali ukun da ya saba. Sai baki ya bushe ƙayau, ƙwayar ido ta buɗe, zuciya na bugawa da sauri, jiki zafi rau babu gumi, fitsari ya ƙi fita, ya shiga sambatu yana cafkar abin da babu. Mutanen gida su ɗauka iska ce ta taɓa shi, a yi ta ɓata lokaci. Wayar mai maganin kuwa a kashe.

In kun ga waɗannan alamu ku garzaya da shi asibiti nan take, ku tafi da gorar ku nuna wa likita. Kada a tsaya ɗura masa madara ko manja, kada kuma a sa shi amai da ƙarfi. Masu asma kada ku ajiye abin shaƙarku saboda wannan ruwa. Wanda ya riga ya biya kuɗi ya adana shaidar biyan da hoton tallar, ya kai ƙara ofishin NAFDAC na jiharsa.