GARGAƊI: ku kiyayi matar nan mai tallan man "enzim" a WhatsApp

Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah ku tura ma duk wata uwa da kuka sani, musamman nan Garwa da Marwa, abin da ya samu ɗiyar ƙanwata ba na fatan ya samu ɗan kowa.

Yarinyar tun haihuwa fatarta ke bushewa tana ɓawo kamar na kifi, ita kanta haihuwar cikin wata fata mai sheƙi ta zo sai ka ce an naɗe ta a leda. To watan jiya sai ga wata mata a gurup, wai daga Duwala take, tana tallan wani mai wai akwai wani sinadarin jiki, enzim ɗin tiransgulutaminas, a ciki, wai shi yarinyar ta rasa, a shafa sati 3 fata ta yi sumul, kuma wai shi dai yake dawo da gashin goshi da rilaksa ya cinye. Kwalba ɗaya sefa dubu 35 ta Orange Money kafin a sa a mota. Ƙanwata ta sai da 'yan kunnenta ta biya kuɗin biyu. Kwalba ta iso ba sunan kamfani ba ranar lalacewa, kwana 4 da fara shafawa wuyan yarinya da hammatarta suka yi jajir suna ruwa, ba barci sai kuka. Muka kira lamba, ashe an toshe mu.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne da gaskiya ta gina ƙaryarta, shi ya sa har masu ilimi ke faɗawa. Enzim ɗin akwai shi da gaske, a cikin ƙwayoyin fata yake aiki, da taimakon kalsiyam yake ɗaure furotin da furotin har su zama katangar nan ta saman fata mai riƙe ruwan jiki. In yaro ya gaji ƙwayar gadon da ke sa a yi enzim ɗin, wato TGM1, mai matsala daga uwa da uba duka, sai ɗaurin ya ƙi yiwuwa, shi ke kawo irin wannan ciwon ɓawon fata da ake kira iktiyosis, tun 1995 masana suka gano haka. Gado ne, ba sammu ba ne ba kuma laifin uwa ba, kuma in iyaye duka suna ɗauke da ita kowane ciki akwai yiwuwar 1 cikin 4, shi ya sa aka fi ganinsa a auren zumunci irin namu. Ba man da za ka shafa ya gyara gado, wallahi babu.

Na gashi ma haka, wani enzim ɗan'uwansa mai suna TGM3 can a saiwa yake aiki, gashin da ya fito waje ba rai gare shi ba, kusan santimita 1 yake ƙaruwa a wata. Tiransgulutaminas ɗin da ake sayarwa kuwa daga bakteriya ake samunsa, na manna nama ne a masana'antar abinci, har kamfanin Ajinomoto masu farin magin nan suna yinsa.

Likitan fata da muka gani ya ce a daina man nan take, a koma wanka da jiƙa fata, a bi da Vaseline ko man kaɗe tun jiki da lema, a kiyaye yarinyar da zafin Maris da Afrilu don irin yaran nan ba sa zufa sosai, nan kuwa zafi na wuce digiri 40. Alhamdulillahi wuyan ya fara bushewa.

Mun kai ma jandarma hoton hirar da saƙon tura kuɗin. Jiya na ga matar a wani gurup ta sake suna da lamba amma hotunan yaran su ne dai. Duk wadda ta riga ta biya kar ta goge saƙon, ta yi min magana mu haɗa ƙarar.