Asiransin motata a Damagaram: karɓar kuɗi a take, biya kuwa sai Yamai ta ga dama

Salamu alaikum jama'a. Samari da yawa na tare ni a fada da wajen aiki suna tambaya wai ya motar take, mai nawa take sha, asiransin irinta kuma nawa ake biya, to bara in faɗi abin da na gani da idona wanda zai ɗauka ya ɗauka. Kamfanin ba zan kama sunansa ba, dan ba ɓata kasuwar wani na zo yi ba, amma abin da ya faru sai na faɗe shi yadda yake.

Motar BMW ce 330 mai ƙofa biyu, irin ta farkon shekarun 2000 ɗin nan da ake ce ma E46, silinda 6, inji lita 3, doki 231, ƙafafun baya ke tura ta. Ita kam ba ni da abin cewa a kanta sai alheri. Ka hau gudron na Mirya da yamma hanya ba kowa ka ɗan taka ta, kukan injin kaɗai ya isa ka manta gajiyar wuni. Wanda bai taɓa riƙe silinda 6 ba ba zai gane me nake nufi ba.

Ranar da na je yin asiransi gaskiya na fito da farin ciki. Wata hajiya na tarar a biron, babbar mace mai haƙuri, ta amshi karti giri, wato takardar rajistar mota, da permi ta zaunar da ni ta yi min bayani dalla-dalla, abin da ban saba gani ba, dan yawanci kuɗi kawai ake amsa a miƙo maka takarda ka nuna ma 'yan sanda. Ta ce ɗana, lissafin ba da kyan mota ake yin shi ba, da dawakin da ke rubuce a karti giri ne, da aikin da motar ke yi, ta gida ce ko ta haya, da irin man da take sha. Shi ya sa abokina mai Corolla abin da yake biya bai kama ƙafar nawa ba ko da shekarar motocinmu kusan ɗaya. Ta duba ranar da aka ba ni permi ta ce sabo ne, akwai ɗan ƙari a kai. Ban ji haushi ba, dan ɗan kawuna da ke karatu a Faransa ya taɓa gaya min can doka ta yarda a ninka ma sabon direba kuɗin a shekarar farko, sannan a riƙa rage rabin ƙarin duk shekarar da bai yi hatsari ba, wasu kamfanonin ma da sun ji yaro ne da motar gudu sai su ƙi amsa gaba ɗaya. Idan aka gwada da can mu nan da sauƙi.

Na nemi tu ris, wato asiransin da ke biyan gyaran motarka ko da kai ne da laifi, ta ce motar ta tsufa ba su yi ma irinta. Sai na ɗauki na dole, wanda dokar CIMA ta tilasta a sashe na 200, ita ce dokar asiransi da ta fara aiki a 1995, ƙasashe 14 na Afirka har da Nijar ke aiki da ita. Shi wannan na dolen wanda ka buge yake biya, motarka ba ruwansa da ita, kai direba ma ba ka ciki, abin da samari da yawa ba su sani ba kenan sai ranar da abu ya faru. Na ƙara da na gilashi da na direba, sannan hajiyar ta ba ni shawara in ƙara defans rekur, ta ce idan wani ya buge ka mu ne za mu bi maka haƙƙinka wajen kamfaninsa, kai ka zauna gida. Wannan maganar ta "ka zauna gida" ita ta sa na zaro sauran kuɗin aljihuna na cika. Na biya duka a take dan tun gyaran da aka yi ma sashe na 13 a 2011 babu asiransin bashi, in ba ka biya ba ba ka da kariya. Kafin shayin mai gadi ya huce an buga min atastasiyo, takardar shaidar asiransi. Na fito ina gaya ma kowa a fada ku je wurin nan, mutanen kirki ne, har mutum biyu na kai musu da kaina.

Sai ranar wata Alhamis, ranar kasuwa, kun dai san yadda wajen Kasuwar Dole ke cika. Na tsaya cak dan wani mai amalanke na tsallaka gudron da buhunan gero, sai kawai na ji gum daga baya, har kaina ya daki kujera. Wata pikap ce shaƙe da kaya, birki bai kama mata ba. Na fito na tarar parshok ya tsage ya rataya gefe guda, fitilar hagu ta tarwatse jajayen gilasai a warwatse cikin rairayi, marfin kofur ya lotsa ya ƙi rufuwa. Alhamdulillahi ba wanda ya ji ciwo. Nan da nan mutane suka taru, Allah ya kiyaye gaba, Allah ya tsare, a yi haƙuri a sasanta. Direban dattijo ne sa'an babana, ya kama hannuna yana cewa yaro ka yi ma Allah, motar ba tawa ba ce. Na ce Baba ba rigima nake nema da kai ba, kana da asiransi ina da asiransi, ai dan irin wannan ranar muke biya, a yi konsta, 'yan sanda su rubuta yadda hatsarin ya faru, kowa ya huta, ko dala ba za ta fita aljihunka ba. Da wannan na lallashe shi, kuma har zuciyata na yarda da abin da nake faɗa. 'Yan sanda suka zo suka zana wurin tayoyi da alli, suka auna da mita, suka amshi takardunmu, ba su ɓata mana lokaci ba.

Washegari na kai rahoto biro, dan hajiyar ta riga ta gaya min kwana 5 na aiki ake da su bayan hatsari, idan sata ce awa 48. Daga nan ne fa fuskar kamfanin ta canza. Ashe mai sayar da takarda daban, mai kula da hatsari daban. Wani matashi ne a ɗakin ciki, ko ɗago kai bai yi ba ya ce a kawo takardar konsta. Na ce ai na ɗauka ku ke amsowa, ya ce in kana son dosiyenka ya yi sauri je ka amso. Na je na amso. Ya ce a kawo debi, wato takardar ƙiyasin kuɗin gyara, daga garaji, na kawo. A kawo hotuna, na kawo. A kawo kofin atastasiyon wancan direban, na bi dattijon nan har unguwarsu a kan kabu-kabu ina neman gidansa da tambaya. To ina defans rekur ɗin da na biya? Wace wahala ce aka ɗauke min? Ni na yi zirga-zirgar duka, su aikinsu sa takarda cikin kwali.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne zuwan ekisper, ƙwararren da ake turowa ya duba ɓarnar ya ƙiyasta kuɗinta. Kayan wannan motar ba a samun su a Damagaram yadda ake samun na Toyota, wanda ko a bakin tasha ka tambaya za a miƙo maka. Mai garajina sai da ya kira mutanensa a Ƙofar Ruwa ta Kano suka turo hotuna ta WhatsApp da farashi, aka juya naira zuwa sefa, aka sa kuɗin mota da na aikin mai bugun ƙarfe da fenti. Kuma duk na hannu ne, okaziyo, ba sabo ko ɗaya a ciki, dan ni ban nemi a mayar min da tsohuwar mota sabuwa ba. Mutumin ya zo, ya zagaya motar sau ɗaya da waya a kunne, ya ɗauki hoto, ko durƙusawa bai yi ba balle ya ga ƙarfen ƙasan kofur inda tayar sukur ke zama ya lanƙwashe. Mai garaji yana ce masa ranka ya daɗe leƙa nan ka gani, ya ce ya gani. Da rahotonsa ya fito babu wannan aikin a ciki sam, sannan ya zabge kuɗin kayan da sunan betuste, wai tsufan mota. Na san akwai betuste kuma na yarda da hikimarsa, idan aka sa maka sabon abu a madadin wanda ya shekara 20 yana aiki dole a rage wani abu. Amma kayan da ke cikin debi tsofaffi ne tun asali, an riga an rage tsufan a farashinsu na kasuwa, ya za a sake ragewa? An yanka ni sau biyu kenan a wuri guda. Na yi wannan bayanin har muryata ta dishe, amsar ɗaya ce, haka lissafin yake.

Sai kuma jira. Duk ranar da na leƙa, dosiye yana Yamai. Yamai ba ta amsa ba. Kamfanin wancan bai amsa ma Yamai ba. Mai sa hannu ya yi tafiya. Abin mamaki laifin ba a ɓoye yake ba, wanda ya bugi mota tsaye ta baya shi ke da laifi duka, har cikin jadawalin rabon laifi na CIMA haka yake, shi kansa dattijon bai musa ba. To me ake bincike? Kuɗina a nan Damagaram aka amshe su ba a ce sai an tambayi wani gari mai nisan kusan kilomita 900 ba, amma fitar da haƙƙina ba mai ikon sa hannu ko ɗaya a garin nan. Motar na ajiye ƙarƙashin dogon yaro a garaji, hunturu ya shigo ƙura ta rufe ta har yara na rubuta sunayensu da yatsa a gilashin baya, batir ya mutu, taya ɗaya ta sace. Ni kuma kullum kuɗin kabu-kabu da adaidaita. Kuma duk tsawon wannan zaman kwanakin asiransina na ta tafiya a banza. Da na tambaya ko za a mayar min da su aka ce dakatarwa da rubutu ake nemanta kuma ba ta komawa baya. Me ya hana a faɗa min ranar da na kawo rahoto, alhali suna ganin motar ba ta tafiya?

Hajiyar nan dai ba zan ci haƙƙinta ba. Duk sanda ta gan ni sai ta taso ta ce ɗana har yanzu? Da wayarta ta sha kiran Yamai a gabana, kuma ina ganin kunya a fuskarta dan ta san abin da ta faɗa min ranar farko. Ba dan ita ba ina jin har yau dosiyen na cikin kwali. Amma mutum ɗaya ba ya gyara kamfani, kuma wallahi duk lokacin da na tuna mutum biyun da na kai musu sai raina ya sake ɓaci, dan ɗayansu ma ƙanena ne.

Ku samari masu sha'awar irin waɗannan motocin, ban ce kar ku saya ba, ni ma ban sayar da tawa ba. Amma ku sa a lissafi cewa mota ce mai ƙasa-ƙasa, duk dodan, tudun nan da ake yi a titi dan rage gudu, sai ka karkace ka hau shi a hankali, rairayin Garin Malam da Kara Kara ba wurinta ba ne, lisansi ko da an sauke shi zuwa sefa 499 a 2024 inji lita 3 ba ya jin wannan sauƙin a cikin gari. Kuma tunda tu ris ba a yi ma tsohuwa, ranar da kai ne da laifi gyaranka daga aljihunka ne kaf. Ranar da kake da gaskiya ma kun ga yadda ta kasance. Idan gyaran ya fi darajar motar a kasuwa, darajar kawai za a ba ka. Masu ba ƙannensu marasa permi makulli a je wasan mota wajen kai amarya kuwa ku ji tsoron Allah, in aka buge ɗan mutane kamfani zai biya shi amma zai dawo kanku ya nemi kuɗinsa, ga rai kuma da kuɗi ba sa mayarwa.

Da shek ɗin ya zo, kaɗan ya haura rabin debi. Aka miƙo min kitans in sa hannu, a jiki an rubuta na amshi haƙƙina duka ba sauran magana. Na ce ban yarda ba, aka ce ina da damar ɗauko wani ekisper ya sake dubawa amma ni zan biya shi, kuma dosiye zai sake komawa Yamai. Na kai maganar wajen kawuna, ya yi shiru ya ce ɗana amshi abin da ya samu ka tada motarka, zaman da take yi ya fi cin ka. Na sa hannu raina ba daɗi, na cika sauran da kuɗin adashina aka gyara ƙarfen da aka ce ba a gani ba. Asiransin zai ƙare bayan sallar layya, kuma na riga na fara zagaya sauran birori ina yi musu tambaya ɗaya kafin maganar farashi: in an yi hatsari, akwai wanda ke da ikon sa hannu a nan Damagaram ko komai sai Yamai?