Na Zariya ko na Kano? Gardamar masu karatu a Agege

Ƙungiyarmu ta masu karatu a Agege ta rabu biyu. Dattawa suna bayan tsofaffin littattafan da gasar rubutu ta 1933 ta haifar, irin su Ruwan Bagaja na Abubakar Imam: Hausa tsantsa, ga hikima, ga ban dariya, sai dai duniyar sarakuna da matafiya ce.

Mata da matasa kuwa sun fi son littattafan soyayya na Kano, waɗanda suka bunƙasa tun shekarun 1980. A nan ake taɓo kishi, auren dole da sakin wulaƙanci, abubuwan da ke ci mana tuwo a ƙwarya. Gaskiya wasunsu ba su ga mai gyaran rubutu ba. Amma ni, in cunkoson Oshodi ya riƙe ni, na Kano nake buɗewa a waya.