Gadon ƙarfe, setin katako ko katifa a ƙasa: wanne ya dace da ɗakin haya ciki ɗaya a Sakkwato?

Duk wanda ya taɓa kama haya ciki ɗaya a Mabera ko Arkilla ko Runjin Sambo ya san irin ɗakunan, ƙafa 12 a 12 ne, wani ma 10 a 12, kuma cikin ɗan filin nan za ka kwanta, ka yi nafila, ka ci abinci, ka tarbi baƙo, ka aje kayan sawa. To dan Allah kafin ka nufi kasuwa ka ari tef ka auna ɗakin, ka auna faɗin ƙofa, sannan a zo maganar gado, don gado shi ke cinye ɗaki, in ka dace da shi sauran kayan masu sauƙi ne. Katifa 6 a 6 ita kaɗai ta ɗauke kashi ɗaya cikin huɗu na ɗaki 12 a 12, tun ba a sa mata fuska da durowar gefe ba. Mai 4 da rabi a 6 kuwa ta ishi mutum biyu kuma ta bar maka wurin shimfiɗa darduma.

Setin gadon nan na MDF mai sheƙi da fitilu, na gidan kanka ne ba na haya ba. Garin katako ne aka matse da gam, ruwan mofa ya taɓa ƙafarsa ya kumbura, a kwance shi sau biyu ramin noti ya zarce shikenan. Iyayen amarya ma ina roƙonku ku je ku ga ɗakin kafin ku ba kafinta aiki, ana kai kaya ranar jere a rasa inda za a sa rabinsu.

Katifa a ƙasa ba laifi ga ɗalibi ko ɗan bautar ƙasa da zai yi shekara ɗaya ya wuce, amma ƙurar hunturu duk a kanta take sauka, da damina ƙasanta ya yi gumi ya fara wari, kuma ba ka da inda za ka tura akwati.

Ni dai gadon ƙarfe na mai walda nake ba kowa shawara, wanda ake haɗawa da bol da noti, ba wanda aka like gaba ɗaya ba. Dalilina na farko shi ne ɗan haya bai san ranar tashinsa ba, yau ana zaune lafiya gobe mai gida ya ce ɗansa zai yi aure yana son ɗakin, ko ya ƙara kuɗin da ba za ka iya ba. Gadon ƙarfe da sifana ɗaya za ka warware shi, ka ɗaure ƙarafan wuri guda, keke napep ya kwashe, ba neman a-kori-kura ba kiran kafinta. Na biyu ƙarƙashinsa, ka ce wa mai walda ya ɗaga shi kamar inci 15 daga ƙasa, akwati biyu da jakar bakko da kwandon takalma duk su shige, ka sako zanen gado ya rufe su, ka ga ka huta da sayen wadrob, sai ɗan ƙarfen rataye kaya a lungu ɗaya. Na uku gara ba ta cin ƙarfe, kuɗin cizo kuma in ƙaddara ta kawo shi ba ya samun maɓoya kamar yadda yake samu a tsagar katako, ka fitar da ƙarafan rana ka kwara musu ruwan zafi an gama. Sannan ga zafin garinmu, Afrilu da Mayu ana haura digiri 40, in ba wuta ba mai iya kwana cikin ɗaki, katifa 4 da rabi mai inci 8 mutum ɗaya zai ja ta zuwa tsakar gida ya maido da asuba, wadda take 6 a 6 mai inci 12 sai dai ka bar ta a ɗaki ka nemi tabarma.

Amma fa a kula da masu walda, akwai na kirki da yawa, akwai kuma masu ha'inci. Za a nuna maka fayif mai kauri a yi ciniki, in an zo aiki a sa mai laushi a shafe da fenti, wata uku tsakiyar gadon ya lotsa ya fara ƙara ko juyi ka yi. Ka ce a gabanka za a sayo ƙarfen, ko ka sayo da kanka ka biya kuɗin aiki, kuma kada kaurin ya gaza milimita 1.5. Ka je ka ga gadon kafin a yi fenti, don fenti yana ɓoye waldar da aka ɗiga-ɗiga kawai, a fara shafa jan fentin nan mai hana tsatsa, a sa ƙafa ta biyar a tsakiya, a sa roba a ƙafafun don kar ya karce tayil mai gida ya riƙe maka kuɗi ranar tashi. Kada ka biya duka tun farko, rabi ya isa kafin alƙalami.

Inda aka fi cutar mutane kuwa wallahi wajen katifa ne, kuma ni an taɓa yi min. Wani mai shago ya sayar min da katifa da rigar babban kamfani, ga tambari ga leda sabuwa fil, kafin damina ta fita ta yi rami a tsakiya, bayana ya riƙe har ruku'u sai da dabara. Da muka farke gefen ɗinkin sai ga soso mai kyau siriri a sama da ƙasa, tsakiya kuwa guntaye ne aka manna da gam, wani fari wani ruwan ɗorawa, kana murzawa yana zuba kamar garin kwaki. Na koma shagon ya ce shi ma haka aka kawo masa. Masu wannan aikin sunan manyan kamfanoni irin Vitafoam da Mouka suke hawa don sun san su mutane suka yarda da su, har rigar da tambarin bugawa suke. Saboda haka ka je wurin dilan kamfani na gaskiya ko da akwai ɗan ƙari a kuɗin, ka nemi katin garanti, a rubuta maka rasit da sunan katifar da girmanta da incinta, ba "katifa ɗaya" kawai ba. Ka duba alamar MANCAP ta SON, hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa, duk da ita ma ana kwaikwayo, kada ka tsaya a kanta kaɗai. Ka sa tef ka auna kaurin, ana sayar da inci 7 a ce 8 ne. Ka durƙusa a tsakiyarta da gwiwa ba a gefe ba, in ka ji ƙasa ko ta daɗe ba ta taso ba ka bar musu kayansu. Kuma nauyi kaɗai ba shaida ba ne, akwai masu zuba hoda a cikin haɗin soso don ya yi nauyi a hannu. Katifar gwanjo kuwa ko kyauta aka ba ka kar ka shigo da ita, da ita kuɗin cizo ke shiga gida, ya bi bango har ɗakin maƙwabta. Ka sayi katifar tukuna sannan mai walda ya auna ta, kar a yi gado a zo tana reto a ciki.

Wurin zama kuwa a manta da kushin, kujera mai cin mutum uku ta gama da ɗakin. Ledar ɗaki, ɗan kafet da za ka iya naɗewa ka kakkaɓe a waje, sai tumtum biyu ko uku na fata, ai nan gidan abin ne, fatar jar akuyar Sakkwato tun zamanin fatake ake ƙetare Sahara da ita har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko. Ka je shiyar Madunka wurin dukawa ka saya ba a cika ba, ka cusa bargo da rigunan sanyi a ciki, ga wurin zama ga ma'aji. Nan ma akwai na roba da ake cewa fata, zafi na dukansa zai fara ɓarewa. Ka juya cikinsa, fatar gaske bayanta gashi-gashi ne kuma tana da warin jima, ta roba yadi za ka gani manne a baya.

Bango kar ka kashe masa kuɗi tunda ba naka ba ne, fenti mai haske in mai gida ya yarda, labule mai kauri saboda rana da ƙura, madubi dogo guda ɗaya a jingine. Takardar bango da zafin nan gam ɗinta saki yake, in ka zo ɓarewa ta taho da fentin mutane. Fanka kuma ka sayi ta tsaye mai caji wadda ke karɓar sola, ita za ka iya fita da ita tsakar gida tare da katifar.