Zorki-4 ko Canonet QL17 GIII: wacce za ta jure ranar Kano?

Malam, ka tambayi wacce za ka saya cikin waɗannan tsofaffin kyamarori biyu don ɗaukar Hawan Daushe da yawo cikin birni. Dukansu fim 35mm suke ci, kuma da ido ake saita nisa: ka juya lens har hotuna biyun da ke tsakiyar tagar leƙe su hau kan juna.

Zorki-4 ƙirar kamfanin KMZ ce na Tarayyar Sobiyet, daga 1956 zuwa 1973. Ba ta da mitar auna haske, ba ruwanta da batir. Gudun shota, wato abin da ke buɗewa haske ya shiga kan fim, ya kai 1/1000 na daƙiƙa, lens ɗin kuma, galibi Jupiter-8 mai 50mm f/2, ana murɗe shi a sa wani. Amma tana da doka: kada ka taɓa canja gudu sai ka ɗana shotar tukuna, in ba haka ba ƙarafan ciki su sarƙe. Sannan labulen shotar yadi ne. Ka bar ta ba murfin lens tana kallon ranar azahar, lens zai tara hasken ya ƙona rami a labulen, daga nan kowane hoto da farin ɗigo. A garin nan wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Canonet ta Japan ce, 1972 zuwa 1982, lens ɗinta 40mm f/1.7 a kafe yake. Shotar ƙananan faifan ƙarfe ce a cikin lens, rana ba ta cin ta, ƙararta ma da ƙyar ake ji. Iyakarta 1/500, don haka da rana ka sa fim ISO 100 ko 200. Mitar kaɗai ke son batir. Na asali mai 1.35V an daina yi, na 1.5V kuma yana sa ta ƙarya. Batirin na'urar ji mai lamba 675 ya fi kusa. Ko babu shi, ka cire ta daga A, inda take saita kanta, ka saita da hannu.

Ni Canonet zan ce, sai fa in kana son lens mai jawo dawakai daga nesa, to sai Zorki, shi ma lens ɗin sai da tagar leƙe ta daban.

Kafin ka biya, buɗe bayan Canonet ka taɓa soson bakin murfi. In ya narke yana kama yatsa, haske da ƙurar hunturu za su shiga, sai an sauya. Zorki kuwa, cire lens ka haska labulen da tocila ka duba ko da rami. A kowacce, kai lens ƙarshen nisa ka nufi Dutsen Dala daga nesa: in hotunan biyu ba su haɗu ba, madubin saita nisa ya goce.