Botar lemu: ta bugawa ko ta dafawa?

Hajiya, kin tambaya wacce ta fi wajen haɗa bota mai zaƙi da ƙamshin lemu don shafa wa yara a burodi: wadda ake bugawa kawai ba a ɗora wuta ba, ko wadda ake dafawa da ƙwai irin ta mutanen Ingila. Duka biyun na yi su.

Ta bugawa aikin minti goma ne. Ki fito da bota giram 200 ta yi laushi, amma kada ta narke. Ki wanke lemun zaƙi guda biyu ki gurza bawonsu, saman kawai, don da kin taɓo farin nan na ciki ɗaci ya shiga. Ki sa zuma cokali uku, ko sukarin da aka niƙa ya zama gari; mai ƙwaya ba ya narkewa a cikin mai, sai yaro ya ji gurus-gurus a haƙori. Ruwan lemun kuwa cokali ɗaya, iyaka biyu. Kusan kashi 80 cikin 100 na bota mai ne, ba ta shan ruwa. Ranar da na yi zari na matse lemu guda sukutum a ciki, tsinkewa ta yi, ruwa gefe, bota gefe, kamar kindirmon da ya kwana. Ƙamshin ma a bawo yake. In lemun mai koren baya ne, bawonsa kan yi ɗan ɗaci, gara ki nemi wanda ya nuna sosai.

Ta dafawa tana son haƙuri. Ƙwai 3, sukari giram 150, ruwan lemun tsami rabin kofi, bota giram 100. Ki haɗa a kwanon tangaran ko gilashi, ki ɗora a bakin tukunyar da ruwa ke tafasa a hankali, ki yi ta juyawa kamar minti 15, har ta yi kauri ta kama bayan cokali. In wuta ta yi yawa ƙwan ya dunƙule, kin tashi da wainar ƙwai mai tsami. Kada ki dafa a tukunyar dalma, tsamin yana cin ta, sai ki ji ƙarfe-ƙarfe a baki. Ki tace da rariya kafin ki ɗura a kwalba.

A ɗanɗano, ta biyu ta yi wa ta farko nisa: santsi, ga tsami da zaƙi a haɗe, har a tsakiyar kek tana shiga. Kuma ko Blue Band kika sa tana rufa asiri. Ta farko kuwa bota ce tsagwaronta, in ba mai kyau ba ce nan take harshe zai gane.

Sai batun ajiya, wanda a nan na yanke hukunci. Mai ƙwai ba ta wuce mako ɗaya zuwa biyu a firji, kuma sai in firjin na da sanyi kullum. In an kwana ba wuta a zafin Afrilu, ni zubarwa nake yi, ba na ba yara. Ta bugawa za ta saki jiki da zafi, amma ana iya naɗe ta a leda a jefa firiza ta yi wata biyu, kina yankar ta kaɗan-kaɗan.

Tunda karin kumallon 'yan makaranta kike nufi, ki yi ta bugawa. Mai ƙwan ki bar ta sai kina da baƙi, ki yi 'yar kaɗan da za ta ƙare a kwana biyu.