Sharhi: Na sauya sifirin ƙofar garejina zuwa mai murɗawa

Duk wanda zai sa ƙofar gareji mai ɗagawa sama, hankalinsa kan inji da rimot yake tafiya. Ni dai shawarata ya fara tambayar irin sifirin da za a ɗaura masa, don shi ke ɗaukar nauyin ƙofar, inji ja kawai yake yi. A ƙasar da wuta ke tafiya ba sallama, ranar da ka ja jar igiyar nan mai raba ƙofa da inji, ranar za ka san abin da ka saya.

Ƙofar gidanmu a Kaduna ta zo da sifirin mai miƙewa, guda biyu, kowanne kwance a saman layin da ƙofar ke bi. In ta sauko su miƙe, in ta hau su tsuke. Suna da araha, ba sa cin fili a sama, kuma sun yi aiki gwargwado. Aibinsu shi ne ba sa gajiya lokaci ɗaya. Na hagu ya riga na dama saki, ƙofa ta koma hawa a karkace tana gurzar layi, har maƙwabta sun san lokacin fitata. Da hannu kuwa sai mun haɗu ni da babban ɗana take ɗaguwa. Abin da ya fi tayar min da hankali, wanda ya ɗaura su bai zura wayar tsaro ta cikinsu ba. Irin wannan in ya tsinke a miƙe, ƙarfen tashi yake yi, kuma bai san gilashin mota ko kan yaro ba.

Sabon da aka sa min, wato mai murɗawa, yana naɗe ne a jikin doguwar sandar ƙarfe a saman ƙofa. Kowane ƙarshen sandar akwai gargare da waya mai sauka zuwa gindin ƙofar, saboda haka ɓangarorin biyu tare suke tashi. Mai gyaran ya burge ni. Sai da ya auna nauyin ƙofar da tsayinta kafin ya yi maganar kuɗi, ya kuma duba sararin da ke tsakanin saman ƙofa da silin, don irin wannan yakan so kamar inci 12. Na ce masa, "Malam, ba a sayo kowanne a ɗaura?" Ya yi dariya ya ce, "Alhaji, kaurin wayar, faɗin cikinsa, tsawonsa, da ko naɗin dama ne ko na hagu, in ɗaya ya kuskure injinka ne zai biya."

Da ya gama, ya ɗaga ƙofar zuwa rabi ya saki. Ta tsaya cak. Yanzu uwargida da hannu ɗaya take buɗewa, ƙarar kuma ta ragu ƙwarai.

Sifirin da aka saba sayarwa an yi shi ne don buɗewa da rufewa sau 10,000. In sau huɗu ake yi a rana, kusan shekara bakwai ke nan. Amma a gidan da yara da 'yan aike suka mai da gareji ƙofar shiga, ba zai kai ba. Akwai masu jure 20,000 ko fiye, kuma su na zaɓa, tunda kuɗin aikin ɗaurawa kusan ɗaya ne. Na kuma ce a sa guda biyu maimakon ɗaya: in ɗaya ya karye, ɗayan yana rage wa ƙofar faɗowa da ƙarfi.

Nawa baƙi ne, ba mai ƙyallin da aka yi wa rufin hana tsatsa ba, don haka da damina yana son feshin mai. Giris mai kauri kuwa kar a soma, ƙurar hunturu za ta manne masa ya zama taɓo.

Inda bai yi min daɗi ba: ya fi tsada, kuma ba abin da mai gida zai taɓa da kansa ba ne. Da sanduna biyu na musamman ake murɗa shi, wanda ya gwada da sukundireba yana iya rasa yatsu ko haƙora. Samun ƙwararre ma sai da bincike, don masu walda da yawa da ke yin ƙofar shago mai naɗewa za su ce maka sun iya. Mai ƙaramar ƙofa mara nauyi da gajeren silin zai iya zama da mai miƙewa, muddin an zura masa wayar tsaro, an kuma sauya biyun tare in ɗaya ya gaji.